Kalmar "Steam" ta Ingilishi: Ma'anoninta da Matsalolinta ga Sinawa Masu Koyo

1.0 Gabatarwa

Ina neman izni in gabatar da ɗan nazari a kan kalma ɗaya tak ta Ingilishi, watau "steam", wadda mu muke kira tururi. Mai yiwuwa ne wani ya ce, me ya haɗa malamin kwalejin horon malamai da Sinawa, kuma me kalma guda ta ƙunsa har da za a tara malamai a kanta? Dalili shi ne, akwai lokacin da aka roƙe ni in riƙa koya wa waɗansu Sinawa huɗu Ingilishi da maraice, ma'aikatan wani kamfani na gine-gine. Dukkansu sun daɗe suna karatun harshen a ƙasarsu, gama tun shekarar 2001 hukumar ilmi ta ƙasar Sin ta ba da umarni a fara koyar da shi daga aji uku na firamare, kuma harshen waje yana cikin manyan darussa uku na jarrabawar shiga jami'a. Nahawunsu ba laifi, kalmomi kuwa sun haddace su da yawa.

Ran nan sai ɗaya daga cikinsu ya zo mini da wasiƙa a hannu, fuska a murtuke. Wani injiniya mai duba aikinsu ne ya rubuto cewa "the work is losing steam". Ya duba ƙamus ɗin da ke cikin wayarsa, ya ga an kawo masa kalmar Sinanci "xieqi", wadda take nufin karaya ko mutuwar zuciya, sai ya ɗauka an ce shi da mutanensa sun karaya, sun zama ragwaye. Har ya shirya amsa mai zafi. Alhali kuwa abin da mai wasiƙar yake nufi shi ne saurin aikin ya ragu bisa ga yadda aka faro shi. Da amsar nan ta tafi, da an ɓata tsakanin mutum biyu a kan maganar da ba wanda ya faɗa.

Abin da wannan takarda take son nunawa shi ne, Basine ya san tururi a cikin madafa, ya kuma san "qi" a cikin jikin ɗan Adam, amma adon maganar Ingilishi da aka gina a kan steam kusan duk daga tukunyar inji ya fito. Wanda bai ga wannan tukunya a zuciyarsa ba, ko ya haddace fassara ɗari sai ya yi tuntuɓe. Abin da nake nufi da adon magana a nan shi ne jerin kalmomin da ma'anarsu ba ta samuwa ta hanyar tara ma'anar kowace kalma, kamar yadda muke cewa "ya sha kashi" ko "ya yi ƙasa a gwiwa".

Kalmomin Sinanci na rubuta su da ƙa'idar "pinyin", wadda ƙasar Sin ta amince da ita a shekarar 1958, ban kuwa sa alamar karin sauti ba. Domin sauƙin karatu, harafin q ya yi kusa da c na Hausa, zh ya yi kusa da j, x kuma ya yi kusa da sh. Saboda haka "qi" ana furta ta kusan kamar "ci".

2.0 Asalin Kalmar da Furucinta

Steam tsohuwar kalma ce, tana nan tun a tsohon Ingilishi na kafin zuwan Normawa Ingila a shekarar 1066, kuma tana da 'yar'uwa a harshen mutanen Holan, watau "stoom". A wancan zamani ma'anarta ta fi ta yau faɗi, don ta haɗa duk abin da ke tashi daga jiki mai zafi, ko hayaƙi, ko numfashi, ko ƙamshi. Sannu a hankali ta tsuke, ta tsaya ga abin da ke fita daga ruwan da ya tafasa.

Kafin ɗalibi ya kai ga ma'ana, furuci ne ke fara tare shi. Kalmar gaɓa ɗaya ce, ta fara da baƙaƙe biyu a jere, tana da dogon wasali a tsakiya, ta ƙare da m. Daidaitaccen Sinanci kuwa ba ya jera baƙaƙe biyu a farkon gaɓa, kuma ba ya rufe gaɓa da m, sai da n ko ng. Don haka sai ka ji ɗalibi ya cusa wasula, gaɓa ɗaya ta zama uku, "si-ti-mu", ko kuma ya mai da m ɗin n. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da ta wannan hanya muka sami "sito" da "sitaci" da "sitiyari". Mutanen lardin Guangdong da na Hong Kong, masu magana da Kantonanci, su ba su da matsalar m ta ƙarshe, domin tana cikin harshensu, kamar a sunan abincinsu "dim sum". Daɗin daɗawa, akwai kalmomin da ke maƙwabtaka da steam a kunne, kamar "stream", rafi, da "stem", kara, da "team", ƙungiya, da "esteem", girmamawa. Ya kamata malami ya jera su, ɗalibi ya yi ta ji yana maimaitawa har kunnensa ya rarrabe.

3.0 Ma'anoni na Zahiri

A wurin masana kimiyya, steam shi ne ruwa idan ya rikiɗe ya zama iska. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas a daidai gaɓar teku, kuma idan ya zama tururi girmansa yakan ninka kusan sau 1,700. Tururi na ainihi ba a ganinsa. Farin abin nan da muke gani a bakin buta ƙananan ɗigon ruwa ne da suka fara hucewa. Amma a maganar yau da kullum Bature yana kiran duka biyu steam. Kalmar tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau. Ga misalai:

(1) Steam rose from the pot.
Tururi ya tashi daga tukunya.

(2) She steamed the fish.
Ta turara kifin.

(3) The soup is steaming.
Miyar tana tururi.

(4) The windows steamed up.
Gilasan taga sun yi gumi.

(5) The ship steamed out of Shanghai.
Jirgin ruwan ya tashi daga Shanghai.

(6) He steamed the stamp off the envelope.
Ya ɓamɓare kan sarki daga ambulan da tururi.

Inda Ingilishi ya yi amfani da kalma ɗaya a jimlolin nan shida, Sinanci sai ya canza baki kusan a kowace. A ta farko zai ce "zhengqi" ko "reqi", a ta biyu "zheng", a ta uku "mao reqi", watau fitar da iska mai zafi, a ta huɗu "qi wu", watau tashin hazo, a ta biyar kuwa kalmar tuƙi zai kawo, wadda ba ruwanta da tururi ko kaɗan. Ɗalibin da ya haddace cewa steam ita ce "zheng" ya sami jimla ɗaya ke nan daga cikin shida.

Akwai wani bambanci da Sinanci yake yi a rubuce wanda zai taimaki malami. Haruffa biyu ne ake furta su "qi" da kari iri ɗaya. Na farko yana nufin iska, da numfashi, da ƙarfin rai, da fushi. Na biyu shi ne na farkon aka ƙara masa ɗigo uku na alamar ruwa a gefen hagu, yana nufin tururi. Idan aka rubuta "zhengqi" da harafi na biyu, to tururin ruwa ne, watau steam. Idan aka rubuta da na farko, to abin da ke tashi daga kowane irin abu ne, ko fetur ko barasa, watau "vapour". Ɗalibi ya riga ya san wannan bambanci a rubutunsa, abin da ya rage a nuna masa inda ya faɗo a Ingilishi.

Ta fuskar nahawu kuma akwai kurakurai biyu da ke yawan aukuwa. Na farko, steam suna ne da ba a ƙidaya shi, ba ya ɗaukar "a" kuma ba shi da jam'i. Basine ya saba da cewa "yi gu zhengqi", inda "gu" take kalmar awo, sai ya fassara "yi" da "a", ya zubar da "gu", ya ce "a steam". Gyaran shi ne a ce masa ya riƙe kalmar awonsa, gama Ingilishi ma yana da irinta a nan: "a cloud of steam", "a jet of steam", "a puff of steam".

Na biyu, aikatau na Sinanci ba ya canza siga. "Zheng yu" yana iya zama "turara kifi", yana kuma iya zama "turararren kifi". Ingilishi kuwa yana da sigogi huɗu, kowace da aikinta. "Steam engine" inji ne mai aiki da tururi. "Steamed fish" kifi ne da aka turara. "Steaming soup" miya ce da ke fitar da tururi. "Steamy room" ɗaki ne da tururi ya cika. Shi ya sa ake yawan ganin "steam fish" da "steam bun" a takardun abinci na gidajen cin abincin Sinawa. Kunne ma yana da nasa laifi, domin d ɗin "steamed" takan ɓace a bakin Bature idan wani baƙi ya biyo ta. Irin wannan zaizayewa ce ta mai da "iced cream" ta zama "ice cream". Amma a jarrabawa da rubutun ofis, "steamed" ake bukata.

4.0 Mazaunin Tururi a Al'adun Biyu

A ƙasar Sin turara abinci tsohuwar sana'a ce ƙwarai. Tun kafin a san ƙarfe suna da madambacin yumɓu mai huje-huje a gindi, wanda suke kira "zeng". A zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, sun ƙera na tagulla mai suna "yan", kuma a kabarin Fu Hao, matar ɗaya daga cikin sarakunan daular, wanda aka tono a Anyang a shekarar 1976, an sami wani mai ɗaukar madambaci uku a lokaci guda. Har yau "mantou" da "baozi", waɗanda suka yi kama da alkubus ɗinmu, abinci ne na kullum, musamman a arewacin ƙasar. Saboda haka hoton da ke zuwa wa Basine idan an ambaci tururi shi ne abu mai laushi, mai ɗumi, mai tashi sama a hankali daga kwandon gora. Suna da karin magana "zheng zheng ri shang", wadda ake faɗa wa abin da ke bunƙasa kullum, kuma yabo ce zalla.

A Ingila kuwa tururi ya yi suna ne a wurin aiki. A shekarar 1679 Denis Papin, Bafaranshe mai zama a Landan, ya ƙera tukunya mai rufaffen baki wadda tururi ke taruwa a cikinta, aka kuma sa mata bawul na kariya domin kada ta fashe. A 1712 Thomas Newcomen ya kafa injin tururi mai zuƙe ruwa daga ramin haƙar ma'adini. A 1769 James Watt ya sami takardar mallakar gyaran da ya yi wa injin, wanda ya rage cin kwal ƙwarai. A 1804 Richard Trevithick ya ja kaya a kan dogo da kan jirgi mai tururi, a 1807 Robert Fulton ya fara jigilar fasinja da jirgin ruwa mai tururi a kogin Hudson na Amurka, a 1830 kuma aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Liverpool da Manchester. Mutanen da suka rayu a ƙarni na 19 sun wayi gari suna jin hucin injin nan a tasha da masaƙa da bakin teku, har ya shiga bakinsu. Hoton da ke zuwa musu shi ne ƙarfi da aka kulle a cikin ƙarfe, wanda idan ya taru yakan ja wagunu, idan ya yi yawa yakan fasa tukunya, idan ya ƙare komai yakan tsaya.

Ba wai Sinawa ba su san injin ba ne. A yaƙin farko da suka yi da Ingila a kan cinikin ofiyom, daga 1839 zuwa 1842, jirgin yaƙi mai tururi da ake kira Nemesis ya yi musu ɓarna. A 1865 Xu Shou da Hua Hengfang suka ƙera nasu jirgin ruwa mai tururi, a 1876 aka buɗe 'yar hanyar dogo tsakanin Shanghai da Wusong. Hasali ma sun fi Ingila daɗewa da shi, domin Ingila ta daina amfani da kan jirgi mai tururi a manyan hanyoyinta a 1968, su kuwa masana'antar Datong ta ci gaba da ƙera shi har 1988, hanyar Jitong kuma ba ta ajiye shi ba sai 2005. Sai dai lokacin da injin ya iso, ya tarar da harshen ya riga ya cika da adon maganar da aka gina a kan "qi" na jiki, saboda haka bai sami gurbin da ya samu a Ingilishi ba. Ko sunan da suka ba jirgin ƙasa, "huoche", keken wuta yake nufi. Wutar suka gani, ba su ambaci tururin ba.

5.0 Adon Magana Bisa Tsarin Aikin Inji

Idan aka jera adon maganar steam bisa ga yadda inji yake aiki, tun daga hura wuta har zuwa mutuwarta, za a ga ba tarkace ba ne, labari ɗaya ne mai matakai biyar.

Mataki na farko, tara ƙarfi. Kan jirgi ba ya tashi nan take kamar mota. Sai an zuba kwal, an hura wuta, an jira sa'o'i kafin matsin tururi ya kai. Daga nan aka sami "get up steam", da "gather steam", da "pick up steam", da "build up a head of steam". Duk suna nufin abu ya fara a hankali yana ta ƙara ƙarfi.

(7) The strike is gathering steam.
Yajin aikin yana ƙara ƙarfi.

Mataki na biyu, tafiya da iyakar ƙarfi. "Full steam ahead" umarni ne irin na matuƙin jirgin ruwa ga masu kula da inji, cewa a saki tururi duka. Yanzu ana faɗarsa ga kowane aiki da aka tasar masa haiƙan ba waiwaye.

Mataki na uku, tafiya da ƙarfin kai. Jirgin da ya lalace wani ne ke jan sa zuwa tasha. Wanda ya iso "under its own steam" shi ya kawo kansa. Idan aka ce baƙo zai zo taro "under his own steam", ana nufin ba sai an aika masa da mota ba.

Mataki na huɗu, rage matsi. Idan tururi ya yi yawa jirgi kuwa yana tsaye, dole a buɗe bawul ya fita da ƙara, in ba haka ba tukunya ta fashe. Wannan shi ne "let off steam", ko "blow off steam" kamar yadda Amurkawa suka fi faɗa.

(8) After the examination the pupils ran about to let off steam.
Bayan jarrabawa 'yan makaranta suka yi ta guje-guje don su sake jiki.

Mataki na biyar, ƙarewar ƙarfi. Idan kwal ko ruwa ya yi ƙasa, matsi sai ya ragu, jirgi ya rage gudu, watau "lose steam". Idan ya ƙare sarai jirgi ya tsaya, watau "run out of steam".

Ban da waɗannan akwai reshe biyu. Na ɗaya, an ɗauki jikin mutum kamar tukunya, fushi kuma kamar wuta a ƙarƙashinta. Mai fushi an ce ya zama "steamed up", idan abin ya tsananta a ce tururi na fita ta kunnuwansa. Mu ma mukan ce zuciyarsa ta tafasa. Na biyu, "steamroller", motar daɓe titi, wadda aka mai da ita aikatau mai nufin danne masu hamayya da ƙarfin tsiya, kamar yadda jam'iyya mai rinjaye takan tura doka a majalisa ba ta saurari kowa ba. Motar ta daɗe da komawa amfani da man dizal, amma sunan bai canza ba.

6.0 Inda Harshen Uwa ke Yaudarar Ɗalibi

Babbar matsala ita ce kamanni. Da a ce Sinanci ba shi da wani abu mai kama da waɗannan, da ɗalibi ya koye su sababbi ful. To, yana da su, kuma kamannin na rabi ne.

Mu fara da "xieqi" da ta tayar da hankalin ɗalibina. Ma'anarta ta zahiri ita ce sacewar iska, kamar ta ƙwallo ko taya, kuma idan aka faɗe ta ga mutum, zuciyarsa ake nufi: ya fid da rai, ya karaya. "Lose steam" da "run out of steam" kuwa ƙarfi da sauri suke aunawa. Mai gudun fanfalaki yana iya ƙarewa da ƙarfi alhali zuciyarsa na nan daram. Haka kuma ana faɗarsu ga abin da ba shi da zuciya sam, kamar kasuwa, ko muhawara, ko guguwa. Wanda aka ce masa "xieqi" an taɓa halinsa. Wanda aka ce aikinsa yana "losing steam" an ba shi labarin aikin ne kawai.

Sai "chuqi", fitar da iska, wadda ƙamusoshi kan haɗa da "let off steam". Sau da yawa "chuqi" tana da wanda ake sauke wa, har suna kiran mutumin da kowa ke sauke wa fushi "chuqitong", bututun fitar da iska. Wannan shi ne namu na haushin kaza huce a kan dami. "Let off steam" kuwa ba ta bukatar dami. Mutum yana iya yin ta da ƙwallo, ko waƙa, ko hira da aboki, kuma kamar yadda misali na (8) ya nuna, ba lalle ne a sami fushi a ciki ba, ƙarfin ƙuruciya da aka danne ma ya isa. Idan ana nufin sauke wa wani, Ingilishi yana da wata magana dabam, "take it out on someone". Ɗalibin da ya ji maigidansa ya ce ma'aikata suna "letting off steam", kada ya tafi neman wanda aka zalunta.

Na uku, "zheng zheng ri shang" da "gather steam". Ta farko yabo ce, ba a faɗarta sai ga alheri. Ta biyu ba ruwanta da kyau ko muni, jita-jita da annoba da tarzoma duk suna iya "gather steam". Wanda ya ɗauka yabo ce zai karanta labarin jarida a juye.

Na huɗu, kalmomin Sinanci masu harafin tururi waɗanda Ingilishinsu ba shi da steam. Mota ita ce "qiche", a zahiri keken tururi. Fetur "qiyou", man tururi. Lemon kwalba "qishui", ruwan tururi. Babu ɗaya daga cikinsu da za a fassara da steam. Haka nan mutumin da ya ɓace ba labari, Sinawa sukan ce ya "zhengfa", ya bi tururi, Bature kuwa iska yake ambata a nan. Wurin ƙarfafa gwiwa kuma Basine mai yake kira, ya ce "jiayou", ƙara mai, maganar da har ta shiga babban ƙamus na Oxford a 2018 da sigar "add oil". "Full steam ahead" kuwa abokiyarta ita ce "kaizu mali", sakin ƙarfin doki duka, kuma a nan harsunan biyu sun yi daidai.

Na biyar, waɗanda ke jawo kunya. "Steamy" tana nufin mai zafi da gumi idan ana maganar ɗaki ko yanayi, amma idan aka jingina ta ga littafi ko fim ko dare, to batsa ake nufi. Ɗalibin da ke son ya ce an yi zazzafar muhawara a taro, "heated" zai ce. "Steaming" kuma a bakin mutanen Sikotlan da waɗansu sassan Ingila tana nufin wanda ya bugu da giya. Sa'an nan "steamboat" jirgin ruwa ne a ko'ina, amma a Singafo da Malesiya sunan abincin nan ne da ake dafawa a tsakiyar tebur, wanda Sinawa ke kira "huoguo".

7.0 Sababbin Ma'anoni

Kalmar ba ta tsaya a ƙarni na 19 ba. Bayan zuwan talabijin Ingilishi suka riƙa tsokanar rediyo da "steam radio", watau tsohon yayi. A shekarar 2003 kamfanin Valve na Amurka, wanda sunansa ma bawul yake nufi, ya buɗe dandalin sayar da wasannin kwamfuta mai suna Steam, a 2021 kuma aka buɗe reshensa na ƙasar Sin da sunan "Zhengqi Pingtai", dandalin tururi. Matasan Sin da yawa a nan suka fara gamuwa da kalmar. Akwai kuma STEAM da manyan haruffa, wadda malaman makaranta suka sani, taƙaitawa ce ta sunayen kimiyya da fasaha da injiniyanci da zane-zane da lissafi. Babban harafi shi ne alamar da ɗalibi zai lura da ita a waɗannan biyun.

8.0 Shawara ga Malamai

A ganina hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki ɗalibi daga inda ya sani a kai shi inda bai sani ba, kuma gadar tana cikin madafarsa. Tukunyar matsi, wadda Sinawa ke kira "gaoya guo", sananniya ce a gidajensu, kuma jikanyar tukunyar Papin ce. Malami ya tambayi ɗalibi, me ke faruwa daga ɗora ta a wuta har zuwa sauke ta? Zai ce ana jira matsi ya taru, sa'an nan bawul ya fara huci, in an kashe wuta kuma ƙarfin ya ragu har ya ƙare. To, ya riga ya faɗi uku daga cikin matakai biyar da bakinsa. Sauran biyun hoton kan jirgi da na jirgin ruwa za su cika su.

Bayan wannan, kada a ba ɗalibi fassara guda a ce ya haddace. A ba shi kowace magana tare da 'yar'uwarta ta Sinanci, a tambaye shi abu uku: wa ake faɗa wa ita, mutum ko abu? Yabo ce, ko zargi, ko labari kawai? Akwai wanda ake sauke wa? Tambayoyin nan su ne suka raba "xieqi" da "lose steam", suka raba "chuqi" da "let off steam". Sa'an nan a nuna masa cewa waɗannan maganganu ƙafaffu ne, ba a musanya kalmominsu, ba a cewa "let off vapour" ko "run out of steams". A ƙarshe a gaya masa muhallinsu. Sun dace da hira da jarida da wasiƙar abokan aiki, amma ba a sa su a yarjejeniya ko takardar shari'a.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi kalmar steam daga furucinta zuwa ma'anoninta na zahiri, ta nuna cewa adon maganarta ya samo asali daga injin tururi, ta kuma nuna wurare biyar da Sinanci ke jan ɗalibi zuwa kuskure. Abin da aka gani a nan bai tsaya ga Sinawa ba. Ɗalibanmu ma, waɗanda suka san tururi a madambaci da suraci, ba su taɓa ganin kan jirgi mai kwal ba, ko da yake ya iso Kano tun 1911. Ina fata wani daga cikin masu sauraro zai ɗauki wannan ɓangare ya yi masa nazari na musamman.

Shi kuwa ɗalibina, da na zana masa tukunya da bawul a kan allo, ya yi shiru, sa'an nan ya yi dariya, ya yage amsar da ya shirya. Wadda ya aika a madadinta layi biyu ce. Ya amsa cewa ruwan sama ya rage musu sauri, ya kuma rufe da cewa "we shall pick up steam after the rains", watau za mu ƙara ƙaimi bayan damina.

Allah ya sa mu dace.